Na Sayi Motata ta Farko, Me Zan Riƙa Dubawa da Kaina?

Tambayar ta fito ne daga wani ma'aikaci a Katsina da ya sayi Corolla 'yar Kwatano, motarsa ta farko. Iyalinsa suna Daura, yana zuwa duk ƙarshen mako, sau da yawa kuma dare kan yi masa a hanya. Yana son sanin abin da ya kamata mai mota ya riƙa dubawa da kansa, musamman taya da fitila, ba sai komai ya kai gareji ba.

Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka fara da jera kayan motar bisa haɗarinsu. Inji idan ya lalace, aljihunka ne zai ji a jikinsa. Taya, birki da fitila kuwa rai suke taɓawa, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sannan ka sani cewa a ƙasar Katsina abu biyu ke cin mota fiye da komai: zafin bazara da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Kusan duk abin da zan faɗa yana komawa ga waɗannan biyun.

Mu fara da iskar taya. Yawancin masu mota ba su san adadin da tayarsu ke buƙata ba. Sai su tsaya wurin mai faci su ce a ƙara, shi kuma ya ɗura 40 ko 45, wani ma ya ƙwanƙwasa tayar da sifana ya saurari ƙara ya ce ta yi. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufewa a kansa, akwai 'yar takarda a manne da ke nuna iskar gaba da ta baya. A ƙananan motoci irin taka yawanci tsakanin 30 ne da 33 a ma'aunin PSI. Lambar da ke rubuce a jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya jurewa ce, ba a tuƙi da ita.

Ka sayi gejin kanka ka ajiye a mota. Na masu faci yana shan faɗuwa ƙasa da ƙura, ba kasafai yake faɗin gaskiya ba. Ka auna da safe bayan motar ta kwana, ko aƙalla ta yi awa uku a tsaye, sau biyu a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Lafiyayyar taya ma tana rage kusan PSI 1 a wata. Idan ka taso daga Katsina da rana ka auna a Daura, bayan kimanin kilomita 80 a kan kwalta mai zafi, za ka ga iskar ta ƙaru da 4 ko 5. Wannan daidai ne, kada ka rage.

A nan ne ake samun babban kuskure. Akwai masu cewa da bazara a sassauta wa taya iska don kada zafi ya fasa ta. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin yana haifar da zafi a cikin naman tayar, har robar ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke ciki. A gudun 100 ko 120, da mota cike da mutane da buhu a but, sai ka ji ta tashi. Ƙarancin iska da yawan lodi sun fi fasa taya a kan yawan iska. Yawan iskar ma yana da nasa lahanin: tsakiyar taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ya rage kamu, kowane rami kuma shokozoba da boljoyin su sha shi kai tsaye.

Sai shekarun taya. A gefenta akwai layin rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Wani lokaci cikakkiyar lambar tana gefen da ke ciki, sai ka leƙa. 'Yan Road Safety sun daɗe suna jan kunne cewa taya ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta a canza ta. Kamfanonin taya sukan ba da wa'adi mafi tsawo, amma lissafinsu bai yi la'akari da motar da ke wuni a ranar Katsina ba tare da rumfa ba. Ra'ayina, tayar da ta kai shekara 5 a nan ba ta doguwar hanya ba ce ko da zanenta bai cinye ba. Roba tana bushewa. Ka tsuguna ka duba gefenta da cikin ramukan zanen, idan ka ga ƙananan tsage-tsage kamar faso, ta gama.

Wannan ya kawo mu ga tayoyin Beljiyam. Na san dalilin sayensu, sabuwa ta yi tsada. Amma ka san me kake saya. Da yawansu sun riga sun tsufa kafin a sauke su. Wasu tayoyin ƙanƙara ne na Turai, za ka gane su da hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce da aka yi don sanyi, kwaltarmu tana cinye ta da wuri. Wasu kuma an sake sassaƙa musu zane da ƙarfe mai zafi don su yi kama da masu sauran rai, alhali an kusa taɓo waya. In dole ce ta sa, duba shekarar, ka sa a juya maka cikinta ka ga ko akwai faci a gefe, ka shafa da hannu ko akwai kumburi. Sabuwar taya mai sauƙin kuɗi daga dila amintacce ta fi tsohuwa mai babban suna.

Girman taya ma a kan wannan takarda ta ƙofa yake. Misali 195/65 R15 91H: faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15. Lamba 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta 210. Kada ka sayi mai lambar lodi ƙasa da wadda aka rubuta wa motar, kuma tayoyi biyun da ke layi ɗaya, dama da hagu, su zama iri ɗaya. A jikin tayoyi da yawa za ka ga darajar jure zafi, A ko B ko C. A nan ka nemi A, in babu B.

Yadda taya ke cinyewa yana gaya maka ciwon motar. A cikin ramukan zanen akwai 'yan ƙananan tudu da aka gicciya. Idan saman tayar ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, iyakar ƙarshe. Da damina kada ka jira haka, daga milimita 3 ruwa ya fara raba taya da kwalta. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai, musamman na ciki wanda ba ka gani sai ka murɗe sitiyari gaba ɗaya, alaimen ne, wato saitin tsayuwar tayoyin ya kauce. Idan ka shafa ka ji tudu da kwari, shokozoba ta mutu. Sitiyarin da ke karkarwa tsakanin gudun 80 da 110 yawanci balansin ne, ko rim ya lanƙwashe a rami. Kafin a yi maka alaimen, bakanike ya ɗaga motar ya girgiza tayar ya tabbatar tayarod da boljoyin ba su da wasa, in ba haka ba kuɗin alaimen ɗin asara ce, cikin mako zai koma yadda yake.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, domin a Corolla na gaba ne ke ja, ke juyawa, ke ɗaukar yawancin birki. Idan biyu kawai za ka iya saya, sababbin su tafi baya. Mai faci zai yi maka musu, amma haka kamfanonin taya suka ce, kuma da hujja: idan gaba ya zame kana da sitiyari a hannu, idan baya ya zame motar juyawa take yi da kai.

Faci kuma yana da iyaka. Ƙusa a saman taya, ramin da bai wuce milimita 6 ba, ana gyarawa. Igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce. Gyaran kirki shi ne a cire tayar a manna faci daga ciki. Huda ko yanka a gefe, ko kumburi kamar ƙwai, ba su da magani sai canji, domin zaren da ke riƙe tayar ya tsinke. Kada ka yarda a sa maka tub a cikin tubles don a rufe matsala. Duk sabuwar taya a sa mata sabon bawul, kuma ka mayar da murfinsa, ƙura tana shiga ta hana shi rufewa.

Wajen ɗaure noti, ka hana a sa dogon bututu a hau da ƙafa. Hakan yana miƙar da bol ɗin har wata rana ya karye, kai kuma ranar da taya ta sace a daji ba za ka iya kwancewa ba. Na Corolla kusan Nm 103 ne a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, wato ƙarfin hannun namiji da wil sifanar motar. A ɗaure a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba, ka sake taɓa su bayan kilomita 50 zuwa 100. Safaya ma ka auna ta. Idan 'yar siririyar nan ce iskarta 60 ce, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Ka gwada jak ɗinka a gida tun kafin ka buƙace shi. In Allah ya kawo tsautsayi taya ta fashe kana gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sai motar ta rage gudu sannan ka taɓa birki ka gangara.

Yanzu fitila, tunda kana tafiyar dare. Sau ɗaya a mako, da magariba, ka kunna komai ka zagaya motar: dim, ful, ƙananan fitilu, sigina huɗu, hazad, fitilar lamba. Fitilar birki da ta ribas ka sa yaro ya tsaya a baya, ko ka matsa kusa da bango ka ga hasken a madubi. Fitilar birki ita ce wadda direba ba ya taɓa sanin ta mutu sai an buge shi ta baya. Mota mai ido ɗaya kuwa, mai zuwa daga gaba ɗauka yake babur ne, ya ba ka hanyar babur.

Idan sigina ta fara ƙiftawa da sauri, ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen. Idan ka taka birki sai sigina ko ƙaramar fitila ta kama dishi-dishi, wayar at ce, wadda ke haɗa fitilar da bodin mota, ta saki ko ta yi tsatsa a fitilar baya. Idan fitilar dama da ta hagu suka mutu lokaci ɗaya, fara da fiyus ko rile kafin ka zargi ƙwai. Fiyus launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mayar da irin wanda aka cire. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa bodi, aikin rewaya ne. Wanda ya naɗa maka silin waya ko takardar sigari a gurbin fiyus ya cire abin da ke hana motar kamawa da wuta.

Ƙwan fitilar gaba yana da lamba a gindinsa, H4, H7, H11, 9005 ko 9006, ya danganta da shekarar motar da ƙasar da aka yi wa ita. Cire tsohon ka tafi da shi shago. Kada ka taɓa gilashin sabon da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima ya mutu da wuri. Riƙe shi ta ƙarfen. Ƙarfin da aka tsara shi ne wat 55 zuwa 60. Masu shago za su nuna maka mai wat 100 su ce ya fi haske. Zai narkar da soket, ya ƙona azurfar da ke cikin fitilar, bayan 'yan watanni haskenka ya fi na da rauni. Fararen LED ɗin da ake cusawa a fitilar da aka yi don ƙwai na asali su ma sau da yawa watsa haske suke yi sama da gefe: kai kana ganin fari fat a gabanka, nesa ba ka gani, mai zuwa kuma ka makantar da shi, shi da ke tunkaro ka.

Kafin ka kashe kuɗi a kan ƙwai, duba abu biyu. Na farko, murfin fitilar. Rana tana mayar da shi rawaya, ya tare haske mai yawa. Ana goge shi da sanfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 1000 zuwa 2000 zuwa 3000, a yi folish, sannan a fesa abin kariya daga rana, in ba haka ba zai dawo da wuri. Na biyu, saiti. Tsayar da motar a fili mai daidai, mita 10 daga bango, da dare. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bangon daidai wannan tsayin. Kunna dim: saman hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar. Akwai sukurun saiti a bayan fitilar. Ka lura kuma, hasken dim yana da ɗan ɗagawa a gefe ɗaya, kuma a nan gefen dama ya kamata ya ɗaga, domin tun 1972 Najeriya take tuƙi a hannun dama. Idan an sa maka fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, hagu za ta ɗaga, cikin idon masu zuwa, kuma saiti ba ya gyara wannan. A cikin hazon hunturu ko ruwan sama mai ƙarfi ka tsaya a dim, ful dawo maka yake yi a ido.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Baƙin mai: mota a fili mai daidai, inji a kashe na minti 5 zuwa 10, zaro gejin, goge, mayar, sake zarowa. Ya kasance tsakanin alamomi biyun. Tazarar da ke tsakaninsu kusan lita ɗaya ce. Kada a cika ya wuce. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, gaskit ne. Juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, tare da sabuwar filta. Kaurin man yana rubuce a murfin da ake zubawa ko a littafin motar. Idan an rubuta 5W-30, kada a ɗura maka 20W-50 don kawai shi aka saba. Ka sayi man da kanka a wurin da ka yarda da shi, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, jabu ya yi yawa.

Lagireto: duba robar ruwan da ke gefe da safe, kada ka taɓa buɗe murfin inji na da zafi. Ruwan rijiya ko na bohol yana barin gishiri da tsatsa su toshe hanyoyin. A sa kulant, ko a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa idan mai kauri ne. Za a ba ka shawarar a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek wai don ƙasarmu da zafi. Kar ka yarda. Injin zai riƙa aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa, ya sha fetur, ya ci kansa, ainihin abin da ke sa shi zafi kuma yana nan ba a gyara ba. Idan allurar zafi ta haura, tsaya ka kashe. Kilomita biyun da za ka lallaɓa su ne ke ƙona tof silinda.

Man birki DOT 3 ko DOT 4, kamar yadda murfin ya nuna, a canza shi duk shekara 2 saboda yana shan danshi. Idan ya sauka a hankali, birki fad ne ke cinyewa, a duba su. Ƙasa da milimita 3 a canza. Idan ya sauka da sauri ko birkin ya yi laushi, yoyo ne, motar ba ta hawa titi sai an gyara. Filtar iska ka buɗe ta duk wata a lokacin hunturu, ka kakkaɓe, ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsawa a canza. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Waifa a canza robarta kafin ruwan farko, kuma kada ka kunna ta a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi.

Batir zafi ke kashe shi. Lafiyayye yana nuna bolt 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.5 inji na aiki. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji. Farin garin da ke taruwa a kansa a wanke da ruwan ɗumi da bakin soda, a ɗaure sosai. Wajen cirewa a fara da mai alamar ragi, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Al'adar cire kan batir inji na aiki don gwada caji tana iya ƙona kwakwalwar motar.

Tunda 'yar Kwatano ce, akwai gwajin da ya kamata ka yi yau. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun dashbod duka su kama, ta baƙin mai, ta batir, ta inji, ta ABS, ta iyabag, sannan su mutu bayan ka tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala, a sa mata kwamfuta a gani. Jar fitila idan ta kama kana tafiya, musamman mai hoton butar mai, tsayawa ake yi nan take. Kuma ka duba ko mitar motar mil take ƙirgawa, kamar yawancin waɗanda aka yi wa Amurka. In haka ne, juyenka duk mil 3,000 ne, sauya wa tayoyi wuri duk mil 5,000 zuwa 6,000, kuma idan allurar gudu ta nuna 60 a manyan lambobi, kana dab da kilomita 100 ne a awa.